Ni da Gawar Baba Polikaf a Dutsen Kyandir

Ku gyara zama, ku kori kaji, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na fara ba na tsayawa. Ni ne Tadawus ɗan Katikis Zakka mai koyar da addini a coci, wanda ƙafarsa ta taka ƙasa goma sha bakwai, bakinsa ya ci tuwon sarakuna, bayansa ya sha bulalar barorinsu, kuma a duk wuraren nan babu inda aka ji na ce a yi haƙuri.

Ubana ya so in zama Fada. Ya kai ni makarantar da ake horar da limaman Katolika, na yi shekara uku cur ina haddar Latin, har ranar da na zuba garin barkono a kaskon turare ana tsakiyar addu'a. Babban Fada ya yi atishawa goma sha ɗaya, ni na ƙirga. Aka ce in na durƙusa na nemi gafara za a duba lamarina. Na ce gwiwata na ciwo. Na ɗauki akwatina na kama hanya, na ce karatun da ya rage zan ƙarasa shi a duniya.

Na ratsa Dajin Madubi, inda ganye ke nuna wa mutum fuskar da zai yi in ya tsufa. Fatake na wucewa ido a rufe, ni kuwa na tsaya na yi wa tsohon gwalo, shi ma ya rama. Na shiga birnin Zangarum, inda sarki ya hana dariya, na kwana biyu kacal aka fara nemana da igiya, sai a cikin ganga makaɗa suka fitar da ni, ana dukanta ina toshe kunne. Haka na yi ta gangarawa har ƙasa ta ƙare mini a bakin Tekun Toka.

A nan na gamu da Madam Felisita. Gajeruwa ce, muryarta kamar ana buga maƙera, sana'arta yin fim. Kyamararta irin ta da ce, wadda ake juya wa hannu kamar injin markaɗe, tana tsaye kan ƙafa uku, ɗaya daga ciki taɓarya ce. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, mai dogon wuya, ka iya Latin?"

"Na iya daidai wanda ya isa a kore ni."

"Ka iya juya ido ya koma fari?"

Na juya mata. Wata mai tallan kifi da ke kusa ta yar da farantinta.

"An ɗauke ka," in ji Madam. "Ladanka abinci da koyon sana'a. In ka nemi wani abu bayan wannan, ga teku nan."

Fim ɗin tsoro take so ta yi, labarin wani mai kaɗa ƙararrawar coci da aljani ya shige shi, ya kashe dattijo, daga ƙarshe Fada ya zo ya fitar da aljanin. Ni ne mai ƙararrawa. Wani wanzami mai suna Linus shi ne Fada, saboda yana da sanƙo da fuskar tausayi.

Muka shiga jirgin gishiri, kwana tara a kan ruwa, muka sauka a tsibirin Dutsen Kyandir. Jama'a, duwatsun tsibirin nan gumi suke yi, kuma gumin kakin zuma ne. Da hantsi za ka ga mata da wuƙaƙe suna kankarewa suna murza kyandir. Mutanen wurin Katolika ne tun kaka da kakanni, amma Fada na gaske sau ɗaya yake zuwa musu a shekara, makon Ista, lokacin da teku ke kwantawa. Sauran watanni kuwa, abin da Baba Polikaf ya ce shi ne doka. Shi ne shugaban dattawan coci, mabuɗai a ƙugunsa suke, jirginsa na kamun kifi, Tauraruwar Teku, ya fi na kowa. Ya haura saba'in, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa kayar da shi a gardama ba. Mutanen tsibirin ba su taɓa ganin fim ba, ko na majigi.

Baba Polikaf ya ba mu aron tsohuwar coci bisa sharaɗi ɗaya, a saka shi a ciki. Madam ta ce shi ne dattijon da za a kashe. Ya ce madalla, amma a bar shi ya mutu a natse.

Ba mu da komai, saboda haka muka yi komai. Jini zoɓo ne. Aman aljani miyar kuka ce, in cika baki in fesa. Dare kuwa, da tsakar rana muke yinsa, a toshe tagogi da barguna a kunna kyandir. Tsawa, fallen kwano ake girgizawa. Gadon da ke tashi sama da ni, masunta huɗu ne a kan rufi suna ja da igiyar taru. Fuskata toka ce da ƙaro, in ya bushe sai ta tsattsage kamar fadama a bazara.

To, ga inda tsiyar ta samo asali. Linus zai koma da jirgin gishiri ranar Talata, saboda haka Madam ta ce da ƙarshen labari za mu fara. Na ce yaya za a fitar da abin da bai shiga ba? Ta ce, "Kyamara ba ta san jiya da gobe ba. Almakashi ne ke jera labari, in na koma gida na yanka na liƙa."

Ranar Litinin Linus ya saka rigar Fada, ya ɗaga gicciye, ya yi ta watsa mini ruwa ina birgima ina zaginsa da Latin, har na faɗi sumamme na tashi ina kuka. Rabin tsibirin na tsaye suna kallo, suka ce Amin da ƙarfi. Ranar Laraba na shaƙe Baba Polikaf a gaban bagade, wato teburin ibada na coci. Tsohon nan ya mutu, ya farfaɗo ya yi wasiyya, ya sake mutuwa, sai da Madam ta daka masa tsawa sannan ya kwanta. Matarsa, Mama Sisiliya, ta yi masa kuka har da faɗuwa. Ranar Juma'a aka ɗauki farkon labari: ina jan igiyar ƙararrawa, hayaƙi ya turnuƙe, na buɗe baki na haɗiye shi, idona ya koma fari. Madam ta ce, "Yanke! An gama."

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan ƙara gishiri. Da yammacin nan na bi ta kasuwa da tokata a fuska, na yi wa mai soyayyen kifi magana da muryar aljani, ya ba ni uku ya ƙara da yaji.

Da safiyar Asabar Madam ta shiga jirgi da kayanta. Ni na tsaya wanke ƙaro a rafi. Ina isowa bakin ruwa sai na tarar da maza sun tare hanya riƙe da matuƙan kwalekwale, Baba Polikaf a gaba. Ruwa na janyewa, mai jirgi ya ce ba zai jira kowa ba. Madam ta kwaɗo murya daga nesa, "Ka gaya musu wasa ne!" Iska ta tafi da sauran.

Aka kai ni farfajiyar coci, duk tsibirin ya taru. Al'adarsu ita ce, wanda aljani ke cikinsa a ɗaure shi da sarƙa a jikin ginshiƙin coci, a riƙa miƙa masa abinci a kan matuƙi, kada wanda ya ambaci sunansa, sai Fada ya zo. Ista kuwa ta wuce da wata ɗaya. Wata goma sha ɗaya ke nan a gabana. Wanda aka ɗaure kafin ni, an ce da aka kwance shi ya manta yadda ake magana.

Baba Polikaf ya zauna a kujerarsa, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ranar Litinin an fitar da abin da ke cikin wancan. Mun gani?"

Jama'a suka ce, "Mun gani."

"Ranar Juma'a ya koma. Mun gani?"

"Mun gani, Baba."

"Daga Juma'a zuwa yau, wa ya ga fitarsa?"

"Babu, Baba."

Na ce, "Baba, a fim ɗin nan Juma'a ce farko, Litinin ce ƙarshe."

"A wace ƙasa ce Juma'a ke riga Litinin ɗin da ta wuce? Ku ji irin lissafin aljanu." Mata suka yi alamar gicciye. Mai kifi ya tashi ya ba da shaidar kifinsa uku. Sai tsohon ya sassauta murya. "Ka durƙusa ka faɗi sunan wanda ke cikinka, in sa a tsawaita maka sarƙa har ka riƙa shan hantsi."

"Wanda ke cikina sunansa Tadawus, kuma shi da ni ba ma durƙusawa. Amma ina da tambaya. Ranar Laraba wa na shaƙe a gaban bagade?"

Ya ce, "Ni."

"Ka mutu ko ba ka mutu ba? Jama'a, kun gani ko ba ku gani ba? Mama, ba ke kika yi kuka har kika faɗi ba? In abin da aka yi a gaban kyamara gaskiya ne, to gawa ce ke yi mini shari'a. In kuwa wasa ne, a ba ni hanya."

Na harɗe hannu ina jiran tafi. Na ɗauka na gama da shi. Ban san da wa nake yi ba. Baba Polikaf ya dubi jama'a, ya ga suna ƙus-ƙus. Sai ya miƙe ya ce, "To, na mutu. Tun Laraba. Hukuncin da na yanke kuwa wasiyya ce, kuma wasiyyar mamaci ba a tayar da ita. Ku ɗaure shi, ku zo ku shimfiɗe ni."

Wallahi haka aka yi. Kowa na ganin ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma wa zai ce wa Baba Polikaf bai mutu ba? Aka ɗaure ni a ginshiƙi, aka shimfiɗe shi a kan benci kusa da ni, hannu bisa ƙirji, carbi a yatsu.

Su kuma gawa a wurinsu kwana uku take yi a coci. A kwanakin nan duk mai wata magana a ransa game da mamaci zai zo ya faɗa masa a fuska, don kada a rabu da ƙulli. A rana ta uku a narka kaki a rufe gawar da shi tun daga kai har ƙafa, a kai ta kogo.

Ban taɓa ganin layi irin na ranar farko ba. Shekara arba'in mutane na haɗiye magana. Wani ya ce, "Baba, iyakar gonar nan da ka raba, ka san ka yi son kai." Wata ta ce, "Waƙar da kake ja mana ran Lahadi, tun ina budurwa ba daidai kake rera ta ba." Ƙanensa Silbasta ya zo yana share idon da babu hawaye. "Yaya, ka huta lafiya. Jirgi yana hannuna. Shuɗin fentin nan dama bai taɓa yi mini ba, ja zan shafa." Na ga yatsun ƙafar gawa sun dunƙule.

Mama Sisiliya ta zo da kujerarta da tsintar wake. Ta ce, "Maigida, yau dai zan yi magana har in kai aya." Ta fara tun daga ranar bikinsu.

Da rana ta take, kowa ya tafi aiki, na ce, "Gawa, ina gajiya?"

"Ba na magana da Shaiɗan."

"Ni ma ba na magana da matattu. Ƙuda ne dai na gani a hancinka, na ce ko in kore maka."

Abincina ya zo a kan matuƙi, kifi da gurasa. Gawa ba a ba ta komai. Na ci ina tanɗe baki. Amma da na ga leɓensa ya bushe, na tura masa ƙoƙon ruwa da ƙafa na juya baya. Da na waiwayo ƙoƙon ya ƙafe. 

Rana ta biyu, da coci ta yi shiru, ya buɗe ido ɗaya.

"Kai."

"Wa ke nan? Ina da suna."

"Mabuɗin sarƙarka na ƙuguna, hannunka zai kai. Akwai kwalekwale a bayan dutsen yamma, da ruwa da busasshen kifi a ciki. Ka tafi. In aka ga ba ka, sai in tashi in ce Ubangiji ya kori aljani ya mayar mini da raina. Kowa ya tsira da mutuncinsa."

Ku ji fa, mabuɗin nan ina ganinsa, ɗan ƙarami, yana sheƙi. Wata goma sha ɗaya a gefe guda, miƙa hannu a gefe guda. Na taɓa guduwa a cikin ganga, ban ji kunya ba, domin a Zangarum na yi laifin da ake nemana a kai. A nan kuwa me na yi? In na bi ta bayan dutse, jikokin jikokinsu za su riƙa nuna ginshiƙin nan suna cewa ga inda aka ɗaure Shaiɗan.

Na ce, "Baba, ta ƙofar gaba na shigo cocin nan, ta nan zan fita, da rana tsaka, kuma da bakinka za ka kira sunana."

"Gobe za su zuba mini kaki, ɗan banza!"

"To ka tashi mana."

"Ban taɓa janye magana ba."

"Ni ma haka. Allah ya ji ƙanka."

Rana ta uku da hantsi aka shigo da tukunya, maza biyu na ɗauke da ita a kan sanda, kaki na tafasa yana ɓal-ɓal. Coci ta cika. Aka rera waƙar bankwana, kuma ban da gulma, ta fi daɗi da ba shi ke ja ba. A waje ana dafa shinkafar makoki da naman akuya, ƙanshi na shigowa ta taga.

Na dubi tsohon. Ya rufe ido gam, ya cije haƙora, gumi na bin kunnensa. A nan ne na gane mutumin nan zai iya bari a dafa shi da rai don kada a ce ya faɗi a gardama. Kalma ɗaya zan ƙirƙiro, in ce sunan aljanina kaza, a fasa komai. Bakina ya buɗe da kansa. Na kama shi na rufe. Na ce a raina, Tadawus, ƙarya kake yi wa mutane don dariya, ba ka taɓa yi wa kanka ita ba, yau ma ba za a fara ba.

A al'adarsu matar mamaci ce ke zuba ludayin farko. Mama Sisiliya ta ɗebo, ta tsaya a kansa, ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Jama'a, an saba farawa daga goshi. Ni dai daga baki zan fara, tunda shi ya fi wahala a duniya, ya kamata ya riga sauran hutawa. Silbasta, buɗe mini shi."

Silbasta ya matso da saurinsa har yana tuntuɓe. Ya sunkuya ya ce, "Yaya, kafin a rufe, na sake wa jirgi suna. Kuma jiya na ɗan goga shi a dutse, amma ramin bai fi kwarya ba."

Gawa ta tashi zaune.

"Ramin me? A jirgina? Kai da ko akushi ba ka iya tuƙawa!" Ya shaƙo wuyan rigar Silbasta, carbi ya tsinke, 'ya'yansa suka watse a ƙasa. Sai ya ankara da inda yake.  Mama Sisiliya ba ta sauke ludayi ba.

Na gyara tsayuwa, sarƙa ta yi ƙara. Na ce, "Baba, ka mutu ko ba ka mutu ba?"

Ya dubi ludayin. "Ban mutu ba."

"Abin da aka yi ran Laraba fa?"

"Wasa ne."

"Ƙara murya, na baya ba su ji ba. Na Juma'a fa?"

Ya fara kishingiɗa har na ɗauka zai koma ya kwanta. Mama ta ce, "Maigida, hannuna ya fara gajiya, kuma kakin nan bai huce ba."

"Shi ma wasa ne," in ji shi, kamar ana zare masa haƙori. Ya sauko daga benci, ya ciro mabuɗi ya kwance ni da hannunsa. Ya nuna ƙofa. "Fita."

"Wa zai fita?"

Ya ja numfashi. "Tadawus ɗan Zakka, fita mini daga coci."

Na fita ta ƙofar gaba, a hankali, ina gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa na amsawa da sunana. Amma ban wuce farfajiya ba, domin shinkafa ta nuna, kuma ba a mayar da akuya bayan an yanka. Na zauna a tabarmar manya. Can sai ga Baba Polikaf ya zo ya zauna a gefena, don babu wani wurin, aka ajiye mana akushi ɗaya. Muka ci ba mai kallon wani. Da muka kai kan tsokar ƙarshe, hannuna da nasa suka sauka a kanta tare.

Ya ce, "Saki. Makokina ne."

Na ce, "Ai ba ka mutu ba."

Na cinye.

Iyakar abin da ya faru ke nan a Dutsen Kyandir. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba ga Tekun Toka can, kwana tara ne, ya je ya tambaya.